Kowace rijiyar mai da fayil ɗinta: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka sake tayar da maganar neman mai a kwarin Sakkwato, sai majalisun Birnin Kebbi su ɗau zafi. Wani ya ce an ga mai yana tsattsafowa a gonar ƙauyensu, wani ya rantse Turawa sun tona tun tuni, sun rufe, sun ɓoye. Daga irin wannan zaman na tsinto tambayoyin nan. Na yi shekaru ina bin motar tonon burtsatse, saboda haka da idon mai neman ruwa nake kallon lamarin.

Wa ke riƙe da bayanan rijiyoyin mai a Najeriya?

Hukumar NUPRC, mai sa ido kan nema da haƙo mai. Dokar man fetur ta PIA, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021, ita ta kafa ta, ta kuma gaji wannan ɓangare na aikin tsohuwar hukumar kula da albarkatun man fetur, DPR, har da rumbun bayanai na ƙasa da ake kira NDR. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce man da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Kamfani lasisi kawai yake riƙe da shi, don haka abin da ya gano a cikin rami dole ya miƙa wa hukuma.

Me ake rubutawa game da rijiya ɗaya?

Bari in fara da abin da na sani. In muna tonon burtsatse, duk bayan 'yan mitoci sai yaro ya tara abin da ramin ya tofo, ya jera shi a ƙasa tsibi-tsibi: jar ƙasa, laka mai danƙo, yashi mai laushi, sannan tsakuwar da ke nuna an kusa ruwa. Oga yana tsugune yana murza kowane tsibi da yatsu yana rubutawa a ƙaramin littafi. Akwai wata burtsatse da muka tona wajen Jega, ruwan sama ya jiƙa littafin, ba wanda ya sake kwafe shi. Bayan shekaru famfo ya lalace, aka kira mu, muka tsaya cirko-cirko, ba mai iya cewa ga zurfin da aka sa matatar ruwan. Da lalube muka gyara.

To rijiyar mai haka take, sai dai ita zurfinta kan kai mita dubu uku ko fiye, kuma lalube a can yana iya cin rai. Shi ya sa tun kafin a kafa na'ura ake buɗe mata fayil a kwamfuta da suna da lamba da ainihin wurinta a taswira. Sannan a shigar da zurfin da aka kai, da irin bututun ƙarfen da aka zura, da inda aka ɗura siminti tsakanin bututu da bangon rami. Akwai na'urorin da ake saukarwa da waya su auna duwatsun ɗaya bayan ɗaya, akwai dunƙulen dutse da ake yankowa a adana a akwati, akwai ƙarfin matsin da aka tarar a ƙasa. In ta fara ba da mai, ana shigar da yawan gangar da ta fitar, da ruwan da ya biyo, da gas ɗin da aka ƙona. Ranar da aka toshe ta ma sai an rubuta yadda aka toshe.

Ba ajiya kawai ake yi ba? Me hukuma ke yi da su?

Da su take ba da izinin tono ko ta hana, da su ake lissafin kason gwamnati a kan kowace ganga, da su kuma take tallata filayen mai ga masu neman lasisi. Amma babban amfanin kwamfuta shi ne tankaɗe. Masu duba rijiyoyi ba su da yawan da za su zagaya ko'ina, sai rumbun ya zaƙulo musu wadda ta daina aiko rahoto, ko wadda ta daɗe a kulle ba a toshe ba, ko wadda ke kusa da ruwan sha, su fara da ita. A Amurka kowace rijiya na da lambarta da ba ta canzawa ko an sayar da ita sau goma, kuma jihohi da dama na amfani da manhajar adana bayanan rijiyoyi mai suna RBDMS. Abin lura, ƙungiyar kare ruwan ƙarƙashin ƙasa ce ta jagoranci samar da ita.

Rijiyar da aka tona ba a samu abin kirki ba fa?

Ba a zubar da fayil ɗinta. A 1999 kamfanin Shell ya tona rijiyar farko a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, ya ga alamun gas, ya tafi. Bayanan suka zauna. NNPC ta koma yankin, ta ƙara bincike, ta tona ta biyu, a Oktoban 2019 ta sanar da samun mai, a Nuwamban 2022 aka yi bikin ƙaddamarwa. Ko busasshiyar rijiya tana gaya wa na baya inda kada ya ɓata kuɗinsa.

Mu a Kebbi ina ruwanmu, tunda ba a haƙo mai a nan?

Ruwanmu kuwa shi ne maganar. Kwarin Sakkwato reshe ne na babban kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar har Mali, kuma yana cikin yankunan da dokar 2021 ta tanadar wa asusun neman mai, da kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangaren ribar NNPC. Shimfiɗun ƙasar nan ma sunayen garuruwanmu masana suka ba su: akwai na Gwandu, akwai na Illo. Na Gwandun nan shi ke shayar da burtsatse masu yawa a jihar. Duk mai neman mai sai ya huda ta cikin ruwan da muke sha kafin ya kai inda yake so, kuma abin da ke raba ruwan da ƙazantar ƙasa shi ne bututu da siminti. In ba a rubuta su daidai ba, bayan shekara talatin kamfani ya watse, wa za a tambaya?

Ba tsoratarwa ba ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya tarar da sinadarin benzin mai jawo sankara a rijiyoyin sha na wani gari ya ninka ƙa'ida sau 900. Amurka kuwa a 2021 ta ware dala biliyan 4.7 don toshe rijiyoyin da suka zama marayu, wasu an tona su tun kafin a fara rubuta komai, har yau neman su ake yi a gonaki da dazuzzuka. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru ba zai so ya gaji irin wannan ba.

Zinariyar Anka da Maru tana cikin wannan rumbun?

A'a. Ma'adinai irin su zinariya suna da nasu ofishin rajistar lasisi a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar ma'adinai. Kuma yawancin ƙasar Zamfara tsohon dutse ne mai tauri, ba irin wanda mai ke kwanciya a ciki ba.

Talaka zai iya leƙawa ya gani?

Rabi da rabi. A Norway kusan kowace rijiya kana iya buɗe shafinta a intanet kyauta, ka ga shekarar tono da zurfi da abin da aka samu. A nan NUPRC tana fitar da alƙaluman man da aka haƙo wata-wata, hukumar NEITI kuma tana bin diddigin kuɗin, amma bayanan cikin rami sai da izini, galibi da biyan kuɗi. A ganina a ɓoye sirrin kasuwanci ba laifi, amma wurin rijiya da zurfin simintinta da halin da take ciki bai kamata su zama sirri ga mutanen da ke kwana kusa da ita ba. Sannan kwamfuta abin da aka ba ta take riƙewa: in ma'aunin ganga ya yi ƙarya, ko kamfani ya cika fom daga ofis, ƙaryar ce za ta zauna a rumbun da lamba mai kyau. Ranar da motocin tono suka sauka a ƙauyenku, ku ce wa hakimi ya nemi abu biyu a rubuce kafin a yanka rago: lambar rijiyar, da zurfin da siminti zai kai ƙasa da ruwan shanku.