Tsohuwar bas mai ɗaki da falo a Amurka: ga amsoshinku, a rage kira cikin dare

Tunda 'yan'uwa suka san tuƙin babbar mota ne sana'ata a nan Texas, kuma suka ji ina da tsohuwar bas ɗin 'yan makaranta wadda aka cire wa kujeru aka sa gado da kicin da banɗaki, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min, wani daga Ohio wani daga Bronx wani ma daga Kano. Na gaji da maimaitawa wallahi. Ga su nan a wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai da gaske mutane na kwana a cikinta?

Eh. Wasu hutu kawai suke fita da ita, wasu kuma ita ce gidansu gaba ɗaya.

Ina ake samu?

Gundumomin makarantu suna gwanjon tsofaffin bas ɗinsu a intanet, irin su GovDeals da Public Surplus, da dala dubu kaɗan za ka iya ɗauka amma da kujerunta za ta zo, aikin kafinta da na walda duk a kanka. Wadda wani ya riga ya gyara kuma tana Facebook Marketplace. Yawanci Blue Bird ce ko Thomas ko International.

Na ga wata a hoto cikinta ya haɗu, katako ko'ina ga labule ga sola, in tura kafin alƙalami?

Kar ka tura ko sisi. Haba malam, labule za ka tuƙa? Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai, domin kullum hoton ciki ake turo min, babu wanda ya taɓa turo min hoton ƙarƙashin mota. Ka je da ƙafarka, ka sa kayan da ba ka jin tsoron su ɓaci, ka kwanta a ƙasa da tocila da sukundireba ka dinga caka ƙarfen shasi, da wajen tayoyin baya, da matakalar ƙofa, da akwatin batir. In ƙarfe yana ɓarewa yana zubo maka a fuska ka tashi ka karkaɗe rigarka ka yi musu sallama. Sannan ka tambayi inda ta yi aikinta. Jihohin arewa irin su Michigan da Ohio da New York gishiri suke zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake. Wadda ta yi rayuwarta a Arizona ko New Mexico ta fi sau da yawa. Kuma wanda ya yi gyaran ka ce ya nuna maka hotunan lokacin da ya ɗaga daɓen, don da yawa shimfiɗa sabon katako suke a kan tsatsa su rufe.

Wane inji?

DT466 na International ko Cummins 5.9, in ka samu na kafin 2007 ka gode wa Allah, daga shekarar ne aka fara ɗora wa dizal kayan tace hayaƙi masu cin kuɗi in sun lalace. DT466 ɗin ana iya yi masa garambawul yana kan mota ba sai an sauke shi ba. Ka ce kar su tayar da ita kafin ka iso, kana so ka ji yadda take tashi da sanyi.

Giya fa, ba duk otomatik ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Allison AT545 tana cikin tsofaffin bas da yawa, an yi ta ne don zagayen unguwa a ɗauki yara a sauke, a doguwar hanya da hawan dutse zafi take ɗauka, kuma wajen gangara ba ta riƙe mota sosai. In za ka yi yawo mai nisa nemi MT643 ko Allison 2000 ko 3000. Lambar tana jikin giyabos ɗin, karanta da idonka.

Ni irin ta kamfanin bas na Greyhound ta da nake so, mai jikin azurfa.

Ina fahimtarka, nima in na ga bas ɗin GM PD-4104 sai na tsaya kallo, daga 1953 zuwa 1960 aka ƙera su da injin Detroit Diesel 6-71, kukansa daban ne. Amma giyar hannu ce mai son sai ka taka kulochi sau biyu, kuma bakaniken da ya san wannan injin yau sai an tona. In ba ka iya riƙe sifana da kanka ba ka haƙura tukuna.

Sai ina da lasin babbar mota, wato CDL, kafin in tuƙa ta?

To nan ne fa ba zan ba ka eh ko a'a ba, duk wanda ya ba ka amsa kalma ɗaya bai san abin da yake faɗa ba. Ya danganta da abu uku, nauyin da aka rubuta wa motar, abin da takardarta ta ce ita ce, da jihar da ta ba ka lasin.

A dokar tarayya motar da nauyin da kamfani ya rubuta mata ya kai laba 26,001, kusan tan 12 ke nan, ko wadda aka yi don ɗaukar mutum 16 har da direba, tana cikin sahun masu buƙatar CDL. Ka lura nauyin da aka rubuta a farantin da ke kusa da kujerar direba ake nufi, ba abin da sikeli ya nuna yau ba, don haka cire kujeru bai rage komai a wannan lissafin ba. Amma in an canza takardarta ta koma motar zama ta amfanin kai, ba haya ba kasuwanci ba, to maganar ta koma hannun jiha. Florida ba ta neman wani lasin na daban. Mu a Texas in ta wuce laba 26,000 sai ka yi lasin aji B wanda ba na kasuwanci ba, da jarrabawarsa. New York tana da wani ƙarin hatimi da ake sa wa lasin na irin wannan nauyin, California kuma tsayi take dubawa, in ta wuce ƙafa 40. Ka ga abin da ya halatta ga abokinka na Orlando ba lallai ya halatta gare ka a Houston ba.

Canza takardar ma kowace jiha da nata. Da yawansu suna so su ga wasu daga cikin waɗannan a kafe cikin motar: wurin girki, firji, banɗaki, ruwan sha da famfo, na'urar ɗumama ko sanyaya ɗaki, wutar lantarki ko gas. Wasu hoto ya ishe su, wasu sai jami'i ya leƙa. Jihohi da dama kuma ba sa yarda ka bar ta da launin rawayan nan na makaranta da jajayen fitilu da allon tsayawa na gefe, sai ka cire ka sake fenti. In wanda zai sayar maka ya ce "ai an riga an canza", ka karɓi takardar ka karanta, in har yanzu bas aka rubuta to ba a canza ba, kuma ranar da za ka ɗauko ta daga wurinsa a matsayin bas take, nan mutane ke faɗawa matsala.

Sai inshora, wadda ita ce ma ta fi wuya. Kamfanoni da yawa ba sa son motar da mutum ya gyara da hannunsa, musamman in an ɗaga rufi ko an sa murhun itace ko an yi baranda a sama. Wasu za su ba ka na biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, motarka kuma kai da Allah. Shawarata, kuma shawara ce ba fatawa ba: ka karɓi lambar shasi, ka kira ofishin lasin na jiharka, ka kira dillalin inshora, ka faɗa musu gaskiyar abin da motar take, su ba ka amsa a rubuce, sannan ka biya. Kar ka ɓoye wa inshora komai don a rage maka kuɗi, ranar da abu ya faru za su zame ne su bar ka. Ba abin tsoro ba ne fa, mutane da yawa sun bi wannan layin sun fita lafiya, haƙuri kawai yake so.

Mai nawa take sha?

Mil 7 zuwa 10 a galan. In wannan ya tayar maka da hankali ka sayi ƙaramar mota da tanti.

Tayoyin suna da zane sosai, mai ita ya ce sababbi ne.

Zane ba shi ne shekaru ba. A gefen taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Motar da ta daɗe a ajiye tayarta tana tsufa tana tsattsagewa da zanenta cif. Ta haura shekara 7 ka fara shirin canzawa, ta kai 10 kar ka hau babban titi da ita, balle ta gaba. Guda shida ne, ka sa kuɗinsu cikin ciniki tun farko.

Yara za su iya kwanciya a gado muna tafiya?

A'a. Hajiya ki yi haƙuri amma a'a. Kujera mai bel wadda aka ɗaure da ƙarfen mota, ba da katakon daɓe ba. Kuma a sa na'urar da ke ƙara in gas ya zubo ko hayaƙin nan mara wari ya taru, a rufe tukunyar gas kafin a tashi.

Zan iya turo ta Najeriya?

Kuɗin jirgi da na kwastam za su fi kuɗinta, ga ƙa'idar shekarun mota, ga kayan gyaranta ba kamar na Toyota ba ne da za ka shiga kasuwa ka ɗauko. In a gida kake so ka nemi Coaster ka ba masu walda.

Sallah fa a hanya?

Tabarma da buta suna da wuri, ruwa na cikin tanki, alƙibla na waya. Maganar ƙasaru ka tambayi malaminka.

Ina ake kwana?

Filayen gwamnatin tarayya na BLM, wato hukumar kula da filaye, a jihohin yamma kyauta ne, yawanci har kwana 14. Wasu shagunan Walmart suna bari a kwana a filin ajiye motocinsu wasu ba sa bari, shiga ka tambayi manaja. Wuraren da ake biya kuma wasunsu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10, kira tukuna.

Tafiyar farko muna so mu je Colorado mu ga duwatsu.

Ba yanzu ba don Allah. Titin I-70 wajen ramin Eisenhower da mota ke bi ta cikin dutse ya haura ƙafa 11,000 a sama, gangararsa doguwa ce, mu da muke wannan aikin kullum ma da addu'a muke sauka. Birkin iska ba irin na ƙaramar mota ba ne, in ka ɗora ƙafa ka bar ta a kai zai yi zafi ya daina kamawa. Giya ƙarama ake sakawa tun daga sama, a taka da ƙarfi a saki, a sake takawa.

Tafiyar farko ka nemi wuri mai awa ɗaya ko biyu daga gida, shimfiɗaɗɗiyar hanya, da rana, ku kwana ku dawo. Kafin nan ka je filin da babu kowa ka koyi shan kwana, don bayanta yana fita gefe in ka karya sitiyari. Cika tankin ruwa ka loda kaya ka hau sikelin CAT a tashar manyan motoci ka ga nauyinka. Auna tsayinta har da sola da na'urar sanyi ka rubuta ka manna a gaban sitiyari, Google Maps bai san tsayin motarka ba zai kai ka ƙarƙashin gadar da za ta aske rufin. Da safe ka jira iskar birki ta cika allurarta ta kai wajen 120, ka kashe inji ka saki birkin ajiya bayan ka sa waigi, ka taka birki ka riƙe minti ɗaya, in allura ta sauka fiye da 3 akwai inda iska ke zuba, ba inda za ka. Ka riƙe fambel na ajiya da matatar mai da baƙin mai da ruwan lagireto, kuma ka yi rajista da masu janwe waɗanda suka tabbatar maka suna jan mota mai wannan nauyin, don ba kowane ba ne. A hanya idonka na kan allurar zafi, in ta fara hawa ka sauka gefe ka bar inji yana aiki a hankali ya huce, kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.