Kadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci

Kadi shi ne alƙalin da ke zama a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, inda ake sake duba hukuncin da ƙananan kotunan Shari'a suka yanke. Shugabansu shi ne Alƙalin Alƙalai na jiha, wanda ma'aikatan kotu suka fi kira Girandi Kadi. Kujera ce mai daraja, domin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa kotun cikin manyan kotuna, sahu ɗaya da Babbar Kotun Jiha. Amma huruminta ƙunci gare shi, kuma akasarin aikin kadi bin diddigin kundin da alƙalin ƙasa ya rubuta ne.

Asalin kujerar a Kaduna

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi, wadda ba ta daɗe ba. Bayan shawarar kwamitin masana shari'a na 1958, an yi garambawul gab da samun 'yancin kai: aka fito da dokar Final Kod don laifuffuka, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, da mazauni a Kaduna. Daga nan ne aka taƙaita ta ga aure, gado da makamantansu. Wanda ya fara shugabantarta malami ne ɗan Sudan, Shaihu Awad. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi masa mataimaki, sannan ya gaje shi a 1962.

Hanyar da Gumi ya bi ita ce hanyar alƙalan zamanin. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, wanda shi ma alƙali ne, ya yi Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Alƙalai ta Kano da aka buɗe a 1934. Ya koyar a Maru, ya ƙaro karatu a Sudan, ya yi aikin alhazai a Jidda kafin ya hau kujerar. Jama'a sun fi tuna shi da tafsirin Masallacin Sultan Bello, ya kuma rasu a Landan a watan Satumba na 1992.

Da aka raba Arewa jihohi, sannu a hankali kusan kowace ta samu tata kotun. Yunƙurin kafa irinta a matakin tarayya ya faɗi a Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1978. A Jihar Kaduna, bayan rikicin shari'a na 2000, gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan Shari'a da na gargajiya a 2001, shi ya sa jihar ke da kotunan ɗaukaka ƙara biyu, ta Shari'a da ta al'ada.

Yadda ake zama kadi

Sashe na 276 na Tsarin Mulki ya buɗe ƙofa biyu. Ta farko ta lauya ce: ya cika shekara 10 da zama lauya, yana kuma da shaidar karatun shari'ar Musulunci daga makarantar da Hukumar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta yarda da ita. Ta biyu ta malami ce: ya riƙe irin wannan shaida shekara 10, kuma ko dai ya goge a aikin shari'ar Musulunci ko ya shahara da malanta a fannin. Saboda haka a zama ɗaya ana iya samun lauyan da ya yi digiri a Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, kusa da shi tsohon alƙali da ya taso daga magatakarda.

Hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke tantance sunaye ta tura wa NJC, ita kuma ta ba gwamna shawara ya naɗa. Alƙalin Alƙalai yana da ƙarin mataki, sai Majalisar Dokokin Jiha ta tabbatar da shi. Idan kujerarsa ta zama babu kowa, kadin da ya fi daɗewa ne ke riƙo na wata uku, kuma ba a sabunta riƙon sai da yardar NJC. Albashin kadi daga asusun tarayya yake fitowa.

Hurumi

Nan ne shari'u da yawa ke karyewa. Sashe na 277 ya lissafa abin da kotun ke ji: aure da mutuwarsa, dangantaka, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado, da kula da yaro ko mai taɓin hankali ko almubazzari. Ciniki, bashi da rikicin mallakar fili ba sa ciki, ko da masu shari'ar duka Musulmi ne kuma alƙalin ƙasa da fiƙihu ya yi musu hukunci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka game da fili a shari'ar Magaji da Matari a 2000.

Bambancin siriri ne. 'Yan'uwa uku a Tudun Wada da ke jayayya kan yadda za a raba gidan mahaifinsu, shari'arsu ta gado ce, kadi na da hurumi. Idan maƙwabci ya fito ya ce marigayin ya sayar masa da gidan tun yana raye, magana ta koma ta mallaka, ɗaukaka ƙararta kuma Babbar Kotun Jiha za ta. Abin da ake dubawa shi ne da'awar da mai ƙara ya faɗa ranar farko a kotun ƙasa. Kadin da ya yi sakaci da wannan zai rubuta hukunci mai kyau, a rushe shi a sama bayan shekaru, masu shari'a su koma farko da aljihu a bushe. Wasu jihohi sun faɗaɗa hurumin da dokokinsu bayan 1999, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta sha cewa dokar jiha ba ta wuce iyakar da Tsarin Mulki ya shata.

Abin da kadi ke nema a kundi

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Idan ya makara, sai ya nemi ƙarin lokaci da dalili. Magatakardan kotun ƙasa ya haɗa kundi ya aiko, kadi aƙalla uku su zauna. Ƙasa da uku, zaman banza ne. A da an hana lauyoyi tsayawa a wannan kotu, yanzu suna tsayawa, amma har yau mutane da yawa da bakinsu suke magana, da Hausa.

Mazhabar Malikiyya ake bi, littattafan da suka fi yawo a teburin kadi kuwa Tuhfa ta Ibnu Asim, Muhtasar Halil da Risala. Tambayar farko ita ce ko alƙali ya gane waye mudda'i, wato mai da'awa, waye mudda'a alaihi, wato wanda ake da'awa a kansa. Ba lallai wanda ya fara zuwa kotu ne mudda'i ba, wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada ne, kuma shi ke kawo shaidu, mai musu ya yi rantsuwa. Alƙalin da ya juya wannan ya ɗora nauyi a kan wanda bai kamata ba, duk abin da ya biyo baya ya gurɓace.

Sai shaidu. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adilai, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. Kadi zai duba ko an ba abokin shari'a damar sukar shaidun, domin shaidar ɗa ga mahaifinsa ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa ba ta tsayawa. Sai i'izari, wato tambayar ƙarshe kafin hukunci: «Kana da sauran hujja?» Jimla ɗaya ce, amma idan babu ita a kundi, yawanci hukunci ya rushe, a mayar da shari'ar a sake ji. Sau da yawa an yi tambayar a zauren kotu, mai rubutu ne bai sa ba, kuma abin da ba ya cikin kundi kadi ba ya ganinsa.

A gado kuskuren lissafi ne da na tsari: a raba dukiya kafin a fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, ko a bar wasiyya ta haura sulusi, ko a yi wa magaji wasiyya ba da yardar sauran ba, ko a ba matar mamaci rubu'i alhali akwai 'ya'ya, inda rabonta sumuni ne. A kyauta ana tambaya ko wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai kyautar ya rasu. A hul'i rigimar kusan kullum kan adadin da mace za ta mayar ne.

Bayan kammala sauraro, sashe na 294 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci a rubuce. Tana iya tabbatar da hukuncin ƙasa, ta gyara shi, ta soke shi, ko ta sa a sake shari'ar gaban wani alƙali. Wanda bai yarda ba yana da wata uku ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda ke da reshe a Kaduna, inda alƙalai uku masana shari'ar Musulunci za su zauna. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Ladabtarwa da ritaya

Koke a kan kadi NJC ake kai wa, ita ke bincike, ta yi gargaɗi, ta dakatar, ko ta ba gwamna shawarar sallama. Cire Alƙalin Alƙalai na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar jiha, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2012 kan babbar alƙaliyar Jihar Kwara ya tabbata cewa gwamna da majalisa ba sa tsallake NJC. A da kadi na ajiye aiki dole a shekara 65. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya kai shi 70, da zaɓin sauka a 65. Wanda ya sauka, ko da lauya ne, ba ya sake tsayawa gaban wata kotu a Najeriya yana kare wani.