Yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kan al'adu: me ta ce, kuma me za ta tsinana wa mai fasaha a Kano?

Da labari ya zo a watan Disamban 2024 cewa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu, ta shigar da hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, mutane da yawa sun ɗauka iyakar abin da ya haɗa mu da hukumar ke nan: dawaki da algaita da kayan sarauta. Wancan aikin yarjejeniyar 2003 ne, mai kare abin da aka gada kaka da kakanni. Akwai wata daban, ta 2005, wadda ba a cika jin ta a bakin mutane ba, alhali ita ce ta shafi masu cin abinci da fasaha a yau: ɗan fim a Titin Zoo, mawaƙi a situdiyo, marubuciyar littafin labari, mai zanen sutura. Yarjejeniya ce ta karewa da bunƙasa hanyoyi mabambanta da al'ummomi ke bayyana al'adunsu.

Asalinta rigimar kasuwa ce. A farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasashe ke tattauna dokokin cinikayyar duniya, Amurka ta nace cewa fim da waƙa haja ne, a buɗe musu iyakoki kamar kowace haja. Faransa ta ce ba ta san zancen ba. Sai a 1997 Kanada ta sha kaye a gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a kan harajin da ta ɗora domin kare mujallunta daga na Amurka. Daga nan Faransa da Kanada suka shiga neman wata takarda ta duniya da za su riƙa dogara da ita. Aka fara da sanarwar UNESCO ta 2001 kan bambancin al'adu, wadda ba ta ɗaure kowa ba, sannan aka kai ga yarjejeniya a birnin Paris ranar 20 ga Oktoban 2005. Ƙasashe 148 suka amince, Amurka da Isra'ila suka ƙi, huɗu suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ta fara aiki ranar 18 ga Maris 2007, Najeriya kuma ta shiga a 2008.

Gundarin maganar shi ne kayan al'ada fuska biyu gare su. Ana sayar da su, amma kuma suna ɗauke da harshe da tunani da kamannin mutanen da suka yi su, don haka bai kamata a auna su da kuɗi kaɗai ba. A kan haka sashe na 6 ya tabbatar wa kowace ƙasa ikon ɗaukar matakan tallafa wa nata: ta ba masu shirya fim kuɗi, ta ware wa shirye-shiryen gida kaso a rediyo da talabijin, ta kula da harshen da ake yin aikin da shi, ta ƙarfafa ƙananan kamfanoni masu zaman kansu. Duk wanda ya ga yadda finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka cika wuraren tura finafinai a waya, ya san damuwar ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Sai dai a lura da kyau: iko aka ba gwamnati, ba a ɗora mata tilas ba. Kusan ko'ina a cikin takardar kalmomin su ne "ƙasa za ta iya" ko "ƙasa za ta yi ƙoƙari". Gwamnatin da ta naɗe hannu ba ta yi wa masu fasaharta komai ba, da wuya a ce ta karya wani sashe. A ganina wannan ne babban rauninta, kuma da gangan aka yi, don da an tsaurara da ƙasashe 148 ba su ɗaga hannu ba.

Akwai wurin da ta yi magana da kakkausar murya, kuma ya shafe mu. Sashe na 2 ya ce ba za a iya kare bambancin al'adu ba sai in an tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki da na samun bayani da na mutum ya zaɓi abin da zai kalla ko ya saurara, kuma ba wanda zai fake da yarjejeniyar ya tauye haƙƙin ɗan Adam. Kano na da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kundin tsarin mulki kuwa ya bar wa tarayya da jihohi duka damar yin doka kan tace fim. Yarjejeniyar ba ta soke wannan iko ba. Amma ba za a ce ita ta ba da izinin hana wani aiki da sunan kare al'ada ba, domin karewar da take nufi ita ce a yawaita muryoyi, har da na mata da na ƙananan ƙabilu, waɗanda ta ambata ƙarara. Inda iyakar tarbiyya ta tsaya, inda takurawa ta fara, muhawara ce da mu za mu yi a tsakaninmu, Paris ba za ta yanke mana ita ba.

To ina amfanin da ake taɓawa da hannu? Wurare biyu ne. Sashe na 16 ya ɗora wa ƙasashe masu arziki su yi wa masu fasahar ƙasashe masu tasowa da kayansu rangwame na musamman, wato sauƙin shiga kasuwanninsu da sauƙin zirga-zirga. A rubuce abin ya yi kyau. A aikace, mawaƙin da aka gayyata wasa a Turai har yau layin biza ɗaya yake bi da kowa, kuma yarjejeniyar ba ta ba shi hurumin ƙalubalantar ofishin jakadanci ba.

Na biyu shi ne asusun da sashe na 18 ya kafa, wanda ya fara raba kuɗi a 2010. Gudummawar sa-kai ce ke cika shi, shi ya sa ba shi da ƙiba, kuma abin da aiki ɗaya kan samu ba ya wuce dala 100,000. Mutum ɗaya ba ya nema da sunansa, sai hukumar gwamnati ko ƙungiya mai rajista. Ba a ba da kuɗin don a ɗauki fim ko a buga littafi. Abin da ake so shi ne aikin da zai gyara harkar gaba ɗaya, kamar horar da masu sana'ar, ko ƙididdige su, ko tsara hanyar rarraba aiki da karɓar haƙƙin mallaka. Ana cike takardun da Turanci ko Faransanci, kuma sai sun bi ta hannun ofishin Najeriya mai hulɗa da UNESCO a Abuja, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta tarayya. Ƙungiyar marubuta ko ta masu shirya fim da takardunta suka cika tana da damar gwadawa.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko za a iya zuwa kotu da ita. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da wasu ƙasashe ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kamar yadda aka yi wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam a 1983. Sa hannun gwamnati kaɗai bai isa alƙali ya yi hukunci da ita ba. Sashe na 21 na kundin ya umarci gwamnati ta kare al'adun Najeriya, amma yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi. Wanda aka sace wa fim ko waƙa, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 zai nufa. A matakin duniya ma haƙoran yarjejeniyar ba kaifi: sashenta na 20 ya ce ba ta ƙarƙashin wata yarjejeniya, sannan ya ƙara da cewa ba ta sauya alkawuran da ƙasa ta ɗauka a wasu yarjejeniyoyin ba, har da na cinikayya. Saɓani tsakanin ƙasashe kuwa sulhu ake yi, ba hukunci.

Batun fahimtar juna tsakanin al'adu yana cikin manufofinta tun sashe na farko, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Mayu. Garin da ke da Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa a cikin ganuwa ɗaya, ga Sabon Gari a waje, ba baƙon wannan zance ba ne. Abin da yarjejeniyar ta ƙara shi ne cewa waƙar Ibo ko wasan Yarbawa da ake yi a Kano ma suna cikin abin da ake sa ran gwamnati ta ba wa fili.

Makamin da ya rage a hannun masu sana'a shi ne rahoto. Sashe na 9 ya wajabta wa kowace ƙasa ta kai wa UNESCO bayanin abin da ta yi duk shekara huɗu, ana kuma sanya rahotannin a intanet kowa ya karanta. Sashe na 11 ya ce a riƙa damawa da ƙungiyoyin farar hula. Ƙungiya a Kano na iya duba abin da Abuja ta rubuta, ta ga ko an ambaci Kannywood da adabin Hausa, ta nemi a saurare ta kafin a rubuta na gaba. Tun 2017 aka faɗaɗa ƙa'idojin yarjejeniyar suka haɗa da intanet, har da biyan masu fasaha haƙƙinsu daidai gwargwado a kafofin zamani. Yanzu da kasuwar faifai ta mutu, finafinai masu dogon zango suka koma YouTube, wannan ɓangaren ne ya fi kamata ƙungiyoyin su tambayi gwamnati me ta yi a kansa.