Mene ne kwampos da masu filawa ke yawan ambato?

Masu sayar da dashen filawa a bakin titunan Sakkwato sukan ce wa mai saye ya nemi kwampos kafin ya dasa. Taki ne da ake haɗawa da busasshen ganye, ƙaiƙayi, ɓawon albasa, ragowar kayan miya da kashin shanu ko na tumaki. A jibge su hawa-hawa a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa don iska ta shiga. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cin kayan, har zafin tsakiyar tulin ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, abin da ke kashe yawancin irin ciyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai nuna: ya yi baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, babu ɗoyi.

Abin da ake kwasowa a juji, ga leda ga matattun batura, ba shi ba ne. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi.

Mai bin lissafi zai iya raina kwampos. Buhun takin zamani na NPK 15-15-15 na da naitirojin, sinadarin da ke sa shuka yin ganye, kashi 15 cikin 100, kwampos kuwa galibi kashi 1 zuwa 2 ne. Sai dai ƙasar tudu a nan rairayi ce, kamar rariya take. Ka zuba takin zamani, ka yi ban-ruwa safe da yamma a zafin Afrilu, ruwan zai tafi da naitirojin can inda saiwa ba ta kaiwa. Kwampos yana riƙe laima, yana kama sinadaran abincin shuka irin su fotashiyam da kalshiyam kada su zurare, naitirojin da fosfaras ɗin da ke jikinsa kuma a hankali suke fita yayin da yake ci gaba da ruɓewa. A ganina, wannan riƙon ya fi abincin da ke cikinsa amfani ga ƙasarmu.

A kula da awo. Filawa ba alayyafo ba ce: idan naitirojin ya yi yawa, ganye za ta yi ta fesowa, fure ya ƙi fita. Boganbiliya, wadda ke hawa katangun gidaje, ta fi kowa wannan hali, don ta fi yin fure idan ba a shagwaɓa ta ba. Kwano 1 na kwampos a kwano 3 na ƙasa ya wadatar a tukunya.

Mai haɗa shi da hunturu ya rufe ramin da tsohon buhu ko ciyawa. In tulin ya bushe ruɓewa tsayawa take yi, gara kuma ta samu wurin shiga.