Waiwaye: Kuɗin Fansa da Jirgin Ruwan Imam Gazali

Duk lokacin da aka ɗauke wani a gefen Bwari ta Abuja ko kan hanyar Kaduna, gardama ɗaya ce ke tashi, daga teburin mai shayi a Kubwa har zaurukan WhatsApp. Wani ya turo lambar asusu, a taimaka a fanso bawan Allah. Kafin a jima wani ya ce da kuɗin nan za a sayi harsashin da za a tare wani gobe. Na uku ya ce, "Malam, da ɗanka ne fa?" Daga nan rai ya ɓaci. Masu gardamar suna ɗaukarta abin zamanin 'yan bindiga, alhali ta girmi kakannin kakanninmu.

Labarin garkuwar kowa ya san shi. Wajen 2006 zancen Neja Delta ne da ma'aikatan mai. A 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, a Disambar 2020 aka yi na Ƙanƙara, ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A watan da ya biyo baya Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka mai tanadin ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Farkon 2024 abin ya iso bakin ƙofar Abuja, aka yi karo-karo a fili a intanet.

Mai cewa kada a biya, ko bai sani ba, yana kan hanyar Jeremy Bentham na Ingila, wanda a 1789 ya ce ma'aunin aiki shi ne sakamakonsa: a duba abin da zai fi rage wahala ga mafi yawan mutane. Ƙarfin wannan hanya shi ne tana ganin wanda ba ya nan, wato wanda za a sace baɗi, wanda ba mu san sunansa ba balle mu yi masa kuka. Rauninta kuma, tana iya mai da ɗan mutum lamba a cikin lissafi. Immanuel Kant na Jamus ya riga shi da shekara huɗu, ya ce akwai wajibin da ba ya sauyawa don riba, kuma ba a mai da mutum tsani kawai don a hau zuwa wata manufa. Barin kamamme a daji don a koya wa ɓarayi darasi, ai tsani aka mai da shi. Sai dai Kant ɗin nan ne a 1797 ya ce ko mai kisa ya zo ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya, ba ka da izinin yi masa ƙarya. Ƙa'idar da ba ta lanƙwasa ko a nan, wa zai iya zama da ita? Hanya ta uku ita ce ta Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, mai tambayar me mutumin kirki zai yi. Ita ta fi kusa da tarbiyyar Bahaushe, ta amana da zumunci da kunya, kuma ita ce ke magana da bakin mai cewa "da ɗanka ne fa". Amma ba a rubuta dokar ƙasa da ita, don mutanen kirki biyu kan saɓa.

Abin da aka cika tsallakewa ya faru ne tun kafin Bentham da Kant da kusan ƙarni bakwai. Wajen 1109, shekara biyu kafin rasuwarsa, Imam Gazali ya kammala Almustasfa, littafinsa na usulul fiƙihu, wato ƙa'idojin ciro hukunci. A babin maslaha, wato amfanin jama'a, ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Wannan ana yawan jin sa a wa'azi. Abin da ba a cika ji ba shi ne misalan da ya biyo da su.

Ya ce a ƙaddara abokan gaba sun jera kamammun Musulmi a gabansu sun yi garkuwa da su. In an yi harbi, za a kashe marasa laifi. In an ƙyale, za su ci ƙasar su hallaka kowa, har da kamammun. A nan ya yarda lissafi ya yi aiki, amma da sharaɗi uku a haɗe: abin ya zama larura, ya zama tabbas ba zato ba, kuma ya game al'umma duka. Sannan ya nuna inda sharuɗɗan ke faɗuwa. In abokan gaban suna cikin ganuwa ne, ba a harbin wanda suka yi garkuwa da shi, don ana iya rayuwa ba tare da cin ganuwar ba. In kuma mutane ne a jirgin ruwa, jefa ɗaya zai tsirar da saura, rashin jefawa zai nutsar da duka, ya ce ba a jefawa, domin waɗanda za su hallaka adadi ne ƙididdigagge, ba al'umma ba. Ko yunwa ta kama ayari, ba a ƙuri'a a ci ɗaya.

A ganina nan ne mahaɗar. Gazali bai kore lissafin sakamako ba, bai kuma sake masa linzami ba. Ya ɗora nauyin hujja a kan wanda ke son a sadaukar da ran wani: kai ne za ka kawo tabbas. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa zancen manufofin shari'a, kalmar maslaha ta shiga bakin kowa. Sai dai a hanya kalmar ta iso mana, sharuɗɗan sun zube. Yau kowa na cewa "don maslaha", ba mai tambayar ta wa, kuma da wane tabbaci.

To, akwai tabbas cewa hana biya yana kashe kasuwar? Italiya ta yi doka a 1991 ta daskarar da dukiyar iyalan wanda aka sace don kada su biya fansa, kuma satar ta ragu, amma ta riga ta fara ja da baya tun kafin dokar. Kolombiya ta haramta biyan fansa a 1993, kotun tsarin mulkin ƙasar ta warware wannan sashe a shekarar, ta ce ba a hukunta wanda larura ta sa ya ceci nasa. Zuwa 2000 ana sace sama da mutum 3,000 a shekara a can. Kowane ɓangare na iya jan waɗannan labarai gefensa, kuma wannan kansa ya nuna zato muke da shi.

Dalilin da ya sa muke ta kewaya wuri ɗaya, ina jin, yana cikin yadda karatunmu ya rabu gida biyu. Ɗan boko ya haɗu da Kant da Bentham a darasin falsafa, ya ji labarin taragon da Philippa Foot, malamar falsafa 'yar Ingila, ta kawo a 1967, ko a karkata shi ya kashe ɗaya ko a bar shi ya kashe biyar, ya ɗauka daga nan tambayar ta faro. Almajirin zaure ya karanta jirgin ruwan Gazali a matsayin mas'alar usulu, bai taɓa ɗora ta a kan dajin Kaduna ba. Su biyun suna sallah sahu ɗaya a Dutsen Alhaji.

Amma kada in cika baki, misalin jirgin bai zauna daram a kan zancenmu ba. A jirgi da hannunka za ka jefa mutum, alhali wanda ya ƙi ba da gudummawar fansa bai jefa kowa ba, kuma bambancin aikatawa da ƙyalewa shi ne ainihin abin da Foot ta tsaya a kai. Dokar hani kuwa ba ta cikin biyun. Wani ne ya jefa yaron a ruwa, uban ya miƙa igiya, aka riƙe masa hannu.