Ma'anar telekinesis da abin da ke juya 'yar takardar

Telekinesis kalma ce da aka haɗa daga Girkanci: "tele" na nufin nesa, "kinesis" kuma motsi. Ana nufin da'awar cewa mutum zai iya motsa abu da tunaninsa kawai, ba taɓawa, ba hurawa, ba zare. Wani ɗan Rasha mai suna Aleksanda Aksakof ne ya fito da kalmar a 1890.

Masu koyar da ita a bidiyon intanet galibi da abu ɗaya suke farawa. A yanki takarda mai kusurwa huɗu, santimita 5 kowane gefe, a ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, a buɗe ta zama kamar 'yar laima. A kafa allura a gutsuren sabulu, tsininta na kallon sama, a ɗora takardar a kai. Sai a kewaye ta da tafin hannu, a zura mata ido.

Tana juyawa kuwa, babu musu. Abin tambaya shi ne me ya juya ta. Takardar rubutu mai wannan girma nauyinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, kuma a kan tsinin allura take, babu abin da ke riƙe ta. Tafin hannu ya fi iskar ɗaki ɗumi, don haka iskar da ke kusa da shi takan tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta, wannan 'yar zirga-zirga ta isa ta tura takardar. Ga numfashi, ga iskar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. In iska ta bushe, hannun riga ma kan tara lantarkin guga ya ja takardar.

Wanda yake son sanin gaskiya sai ya toshe waɗannan kafofi. A kife kwalbar gilas a kan takardar, a liƙe bakinta da tebur, a bar ta minti 10 iskar ciki ta kwanta. Kada a sa roba, tana tara lantarki. Hannu ya tsaya nesa, kamar santimita 30, domin in ya taɓa gilashin zai ɗumama iskar ciki, a koma gidan jiya. Kafin kowane gwaji a jefa kwabo ya zaɓi inda za a yi ƙoƙarin juya ta, dama ko hagu, a yi sau 20, a rubuta duka, har waɗanda ba su yi ba. Nan ne akasari ake tuntuɓe: mutum ya riƙe sau ukun da ta juya, ya manta sha bakwai ɗin da ta tsaya cik.

Irin wannan gwaji ne ya tona asirin Jemis Haidirik a talabijin ɗin Amurka a 1981. Yana buɗe shafukan littafi wai da tunani. Jemis Randi, mai wasan dabo da ya shahara wajen tona asirin masu irin wannan da'awa, ya barbaza gutsattsarin soso marasa nauyi kewaye da littafin, ta yadda ko ɗan huci zai watsa su. Shafi ko ɗaya bai motsa ba, daga baya kuma mutumin ya amsa cewa hurawa yake yi. Randi ya ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya nuna irin wannan baiwa a gwaji mai tsaro, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci. A Jami'ar Firinston ma an yi bincike daga 1979 zuwa 2007, ana neman tasirin tunani a kan na'urar fitar da lambobi barkatai. Bambancin da suka ce sun gani ƙanƙane ne ƙwarai, da aka maimaita gwajin tare da wasu cibiyoyi a Jamus kuwa bai fito ba.

Ko ƙwaƙwalwa na da ƙarfin da zai tura abu daga nesa? Tana da lantarki, amma maganaɗisun da take fitarwa ya gaza na duniyarmu sau miliyoyi, sai a ɗaki na musamman ake iya auna shi. Masu shanyewar jiki da ke motsa hannun ƙarfe da tunani, wayar lantarki ce ke ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwarsu zuwa kwamfuta, inji kuma ya yi motsin.