Zuƙa a Aikin Cire Tsakuwar Ƙoda ba tare da Tsaga Ciki ba

Zuƙa, a aikin tsakuwar ƙoda da hanyoyin fitsari, dabara ce ta haɗa injin tsotsa da kayan aikin da likita ya zura cikin jiki, domin ruwan wanki da ɓarɓashin tsakuwa su riƙa fitowa a daidai lokacin da ake farfasa ta. Ana amfani da ita a hanyoyi biyu da suka maye gurbin tsaga ciki. Ta farko ita ce huda fata ta gefen baya a shiga ƙoda kai tsaye, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PCNL. Ta biyu kuma ita ce bin hanyar fitsari daga ƙasa, a ratsa mafitsara a haura bututun da ke saukowa daga ƙoda, wato yureta, da siririyar na'urar leƙe mai lanƙwasa. Wannan ita ake kira RIRS.

Asalin matsalar

Fasa tsakuwa a cikin jiki ya daɗe da samuwa. A shekarar 1976 likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka ba da rahoton cire tsakuwar ƙoda ta ƙaramar huda a fata. A 1980 aka fara fasa tsakuwa da igiyar girgiza daga wajen jiki a birnin Munich na Jamus, a shekarar ne kuma Pérez-Castro na Sifaniya ya fito da doguwar na'urar leƙe da ke iya haura yureta. A shekarun 1990 lezar holmiyam ta shigo, wadda babu irin tsakuwar da ke gagarar ta. Abin da ya ci gaba da ci wa likitoci tuwo a ƙwarya shi ne kwashe abin da aka fasa.

Cikin ƙoda kamar gida ne mai zaure ɗaya da ɗakuna da yawa. Fitsari na taruwa daga ƙananan ɗakunan zuwa zauren, sannan ya gangara yureta. Idan aka fasa tsakuwa a nan, gutsattsarin kan watsu cikin ɗakunan, musamman na ƙasa, inda nauyi ke zaunar da su. Likita na da zaɓi biyu. Ko dai ya riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya da ɗan kwandon waya, yana shiga yana fita sau da dama, ko kuma ya niƙe tsakuwar ta zama gari ya bar wa fitsari ya wanke cikin makonni. Na farkon na cin lokaci, na biyun kuma sa rai ne kawai, domin ba duka garin ke fita ba. An daɗe ana ce wa guntun da bai kai milimita 4 ba "ragowar da ba ta da illa", amma bibiyar marasa lafiya ta nuna cewa wani kaso mai yawa na irin wannan ragowar yana girma, ko ya tayar da ciwo, ko ya sa a koma ɗakin tiyata. Wani lokaci gutsattsarin kan yi jerin gwano su toshe yureta, abin da Jamusawa suka raɗa wa suna "titin duwatsu", sunan kuma ya bi shi a littattafan likitanci na duniya.

Ruwa, matsi da zafi

Ba a iya wannan aiki sai da ruwa. Ana kwarara ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa ta cikin na'urar leƙe don ya buɗa wurin, ya wanke jini, ya kore ƙurar da leza ke tayarwa. Idan ruwan ya yi kaɗan, allon da likita ke kallo kan koma kamar safiyar hunturu mai hazo, ba a ganin tsakuwar balle bangon ƙoda. Idan kuwa aka ƙara ruwa alhali mafitarsa ƙarama ce, matsi ya hau.

A ƙoda mai lafiya matsin cikin zauren ƙasa yake sosai. Da zarar ya haura wajen milimita 30 na zaiba, ma'aunin nan da ake auna hawan jini da shi, sai ruwan ya fara komawa baya yana kutsawa cikin jijiyoyin ƙodar. Tsakuwa da yawa kuwa maɓoyar ƙwayoyin cuta ce, musamman irin da ake kira situruvait, wadda ciwon sanyin fitsari ke ginawa. An fasa ta, ƙwayoyin sun bazu cikin ruwa, matsi ya tura su cikin jini. Daga nan zazzaɓin bayan aiki ke fitowa, wani lokaci ma har ya kai ga gubar jini mai iya kisa, wadda ita ce babbar fargabar masu wannan sana'a.

Sai kuma zafi. Leza na ɗumama ruwan da ke kewaye da ita, naman jiki kuma yakan fara lalacewa idan ya daɗe cikin zafin da ya wuce digiri 43 a ma'aunin Salsiyos. Sababbin injinan holmiyam masu ƙarfi da lezar tuliyam, wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan saboda laushin garin da take niƙawa, sun ƙara sa maganar zafi ta zama abin lura. Maganin zafi ƙarin ruwa ne, ƙarin ruwa kuma shi ke kawo matsi. An rasa tudun dafawa ke nan, sai an faɗaɗa wa ruwan mafita. Wannan gurbi zuƙa ta cike: tana janye ruwa da sauri, don haka ana iya zuba mai yawa ba tare da ƙodar ta kumbura ba, hazo ya washe, zafi ya tafi tare da ruwan, ɓarɓashi ma ya bi shi.

Ta hudar baya

A nan zuƙa ta fara, kuma tsohuwa ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da Peter Alken da abokan aikinsa a Mainz ke daidaita aikin huda baya, sandar da ke fasa tsakuwa da girgizar sauti mai rami ce a tsakiya, tana niƙa tana tsotsewa. Injinan zamani irin su Swiss LithoClast Trilogy da ShockPulse sun haɗa girgizar sauti da bugu irin na guduma da kuma tsotsa a sanda guda. Sai dai irin wannan sanda na buƙatar hanya mai faɗi.

Faɗin kayan aikin ana auna shi da ma'aunin da ake kira Firanci, inda 3 ke daidai da milimita 1. Hudar gargajiya takan kai 24 zuwa 30, wato kusan santimita guda. Tana kwashe babbar tsakuwa da sauri, amma haɗarin zubar jini ya fi yawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara rage hudar, da farko saboda yara, har ta dawo tsakanin 14 da 20. Jini ya ragu, amma mafita ta ƙuntata, aiki ya ƙara tsawo, matsi kuma ya sami damar hawa.

Udo Nagele da abokansa a Jamus sun lura cewa idan aka daidaita faɗin na'urar leƙe da na kube, wato bututun da ake zura ta ciki, gudun ruwan da kansa yana haifar da wani ɗan wuri mai ja a bakin na'urar, guntun tsakuwa ya biyo ta idan aka janye ta a hankali. Babu injin tsotsa a wannan, dabarar ruwa ce kawai. Tsotsa ta gaske a ƙaramar huda ta fi bunƙasa a ƙasar Sin, musamman a Guangzhou, birnin da 'yan kasuwar Kano suka fi sani da sarin kaya. A can Guohua Zeng ya wallafa tsarinsa na ƙaramar huda mai tsotsa a 2016, a can kuma kamfanin Well Lead ke ƙera kuben ClearPetra.

Kuben nan bututun roba ne mai reshe a gefe, kamar harafin Y. Miƙaƙƙen bakin an rufe shi da hular roba mai ƙaramin rami, ta nan na'urar leƙe ke shiga. Reshen kuma an jona shi da tiyo zuwa kwalba, kwalbar zuwa injin tsotsa. A jikin reshen akwai wata 'yar tsaga da likita ke ɗora babban yatsansa a kai: ya rufe ta ƙarfin ja ya ƙaru, ya ɗaga ya ragu, kamar mai busa sarewa. Gari yana bi ta gefen na'urar ya wuce da kansa. Idan guntu mai ɗan girma ya shigo bakin kuben, sai likita ya ja na'urar baya sannu a hankali har ta wuce mahaɗar reshen, guntun na biye da ita, yana zuwa mahaɗar ya karkata ya faɗa kwalba. A ƙarshen aiki za ka ga tsakuwar ta taru a gindin kwalbar kamar yashin rafi. Wannan ma riba ce da ba a cika ambata ba, domin ana samun isasshen abin da za a kai ɗakin gwaji a san irin tsakuwar. Mafi yawa na kalsiyam ne, amma mai tsakuwar yurik asid da mai situruvait kowa da irin rigakafinsa, tsakuwa kuwa takan dawo wa kusan rabin masu ita cikin shekaru 5 zuwa 10.

Ta hanyar fitsari

A nan ne canjin ya fi girma. Tun da daɗewa ana zura kube a yureta don na'urar leƙe ta riƙa shiga da fita cikin sauƙi. Tsohon kuben miƙaƙƙe ne, yana tsayawa a ƙasan mashigar ƙoda. Ko an jona masa tsotsa, ruwa kawai yake ja sosai, domin tsakanin bakinsa da tsakuwar akwai tazara da kwana, bangon yureta mai laushi kuma kan manne a bakin ya toshe shi.

Sabon kuben, wanda ake kira FANS a taƙaice, 'yan santimitocin ƙarshensa masu laushi ne, suna lanƙwasa tare da na'urar leƙe. Likita na iya tura shi ya wuce zauren ƙoda ya shiga ɗakin da tsakuwar take, ya kafa bakinsa a gabanta. Duk abin da leza ta ɓantaro, kafin ya watsu an tsotse shi. Faɗin da aka fi amfani da shi a ma'aunin Firanci 10/12 ne zuwa 12/14, lambar farko ta ramin ciki, ta biyu ta waje. Dole a bar sarari tsakanin na'ura da bangon kube don ruwa ya samu wurin bi, shi ya sa fitowar siraran na'urorin leƙe masu faɗin 7.5, waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a yar, ta zo wa wannan dabara a kan gaɓa.

Akwai kuma tsotsa ta cikin na'urar leƙen kanta, ta ramin da zaren leza ke bi. Ramin bai wuce milimita 1.2 ba a yawancin na'urori, don haka gari mai laushi kawai yake ɗauka, kuma yana yawan toshewa. A Amurka kamfanin Calyxo ya ƙera na'urar CVAC mai faffaɗan rami don magance wannan. Wasu injinan kuma an sa musu ma'aunin matsi a bakin kube ko na na'ura, suna daidaita shigar ruwa da fitarsa da kansu.

Gwaji mafi ƙarfi da aka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a mujallar eClinicalMedicine a 2024. Marasa lafiya 320 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a a asibitocin ƙasashe da dama. Waɗanda aka yi wa aiki da kube mai lanƙwasa da tsotsa, kusan kashi 81 cikin 100 sun fito babu ragowar tsakuwa nan take, a ɓangaren da aka yi amfani da tsohon kube kuwa kusan kashi 49. Zazzaɓin bayan aiki ma ya fi ƙaranci a ɓangaren tsotsa. Tazarar ta ragu bayan wata uku, lokacin da fitsari ya gama wanke abin da zai iya, amma ba ta rufe ba. Irin wannan sakamako ne ya sa wasu likitoci suka fara taɓa tsakuwa mai santimita 2 zuwa 3 ta hanyar fitsari, ko da yake ƙa'idojin ƙungiyoyin likitocin fitsari na Turai da Amurka sun daɗe suna sa huda baya a gaba ga tsakuwar da ta wuce santimita 2.

Inda take da iyaka

Tsotsa idan ta yi yawa ma matsala ce. Bangon ƙoda kan rufto kan na'urar, a daina gani, fatar cikin ta kama tsattsafar jini. Idan kuma guntu ya maƙale a kube ko tiyo ba a lura ba, mafita ta toshe ana ta zuba ruwa, matsin da ake gudu shi zai hau, likita kuwa yana zaton lafiya lau tun da yana jin ƙarar inji. Saboda haka idon mai taimakawa ba ya barin tiyon.

Shi kansa kuben ba ya shiga kowace yureta. Binciken Olivier Traxer da Alexandre Thomas na 2013 a kan mutum 359 ya gano rauni a bangon yureta a kusan kashi 46 cikin 100 bayan zura kube, kimanin kashi 13 kuma raunin ya kai ga tsoka. Yawanci yana warkewa, amma idan yureta ta yi ƙunci, abin da ya dace shi ne a bar wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu a cikin yuretar, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu ta saki. Ɗakin ƙasan ƙoda mai kaifin kwana shi ma yakan gagari kuben, domin na'urar leƙe ba ta lanƙwasa sosai idan tana sanye da shi.

Zuƙa ba ta ɗauke wa kowa gwajin fitsari da maganin ƙwayoyin cuta kafin aiki. Ƙodar da ta toshe kuma ta yi mugunya ba a fasa mata tsakuwa a ranar. Ana sa mata roba ta zubar, a jira zazzaɓi ya sauka tukuna.

Sai tsada. Kuben da kwalbarsa na amfani sau ɗaya ne, galibin siraran na'urorin leƙen ma haka, ga injin leza da na ɗaukar hoton cikin jiki da ke buƙatar wutar da ba ta yankewa. Tsakuwar ƙoda kuwa ta fi yawa a ƙasashe masu zafi, inda gumi ke rage fitsari, daga Sudan da Masar zuwa Saudiyya, Pakistan da Indiya, kuma da yawan asibitocin irin waɗannan wurare kuɗin kayan daga aljihun majinyaci yake fita. A asibitin da ke da kayan huda baya na ƙarfe, waɗanda ake wankewa a sake amfani da su shekara da shekaru, lissafin kuɗi kan sa a zaɓi hudar ko da tsakuwar za ta ciru ta ƙasa.